Yadda Ake Sassaƙa Turmi da Taɓarya, Daga Gungume Zuwa Dakan Farko

Tun bayan bikin ƙanwata a unguwar Birni, cikin Zinder, da mata suka ga turmin da na sassaƙa mata cikin kayan ɗaki, tambaya ba ta yanke mini ba. Wannan ya tare ni a ƙofar masallaci, wancan ya aiko saƙo ta waya: wane itace ne, kwana nawa ya ci, me ya hana shi tsagewa? Na gaji da amsawa ɗaiɗai, shi ya sa na zauna na rubuta abin gaba ɗaya. A hannun kawuna na koyi sassaƙa, a wani ƙauye gabas da Mirya. Turmin da zan bi da ku a nan shi ne na tsakar gida, na surfe da kirɓin fura, mai cin hatsi tiya biyu. Babban turmin sussuka ma haka ake yin sa, awo ne kawai ke ƙaruwa.

Yawancin turamen sabbin hannu da na ga sun lalace, ruwan da ke cikin itacen ne ya kashe su, don an bar shi ya fita da gaggawa. Saboda haka za ka ga na fi daɗewa a kan zaɓen gungume da shanya fiye da kan sara.

1. Takarda kafin gatari

Kada ka ɗauki gatari ka nufi daji don ka ga bishiya a tsaye ba mai gadi. Dokar gandun daji ta Nijar ta 2004 ta hana saran itatuwan da aka kare sai da izini, kuma irin su gawo, maɗaci, tsamiya, aduwa da danya, waɗanda masassaƙi ke kwaɗayi, duk ana sa musu ido. Tsofaffi ma na ba da labarin cewa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, mai saran gawo a ƙasar Damagaram da ransa yake wasa. Yau dai tara ce da ƙwace kayan aiki.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi gungume a hannun mai sayar da itace wanda ke da takardarsa, ko ka nemi bishiyar da iskar farkon damina ta kayar a gonar wani. Ko a wannan ɗin, ka yi magana da mai gona, sannan ka je wa ma'aikatan gandun daji su ba ka takarda kafin ka ɗora a amalanke.

Hattara: takardar ta kasance a aljihun wanda ke tare da kayan a hanya. In tana gida, kamar babu ce.

2. Zaɓen itace

Ƙirya ce gaba da kowa. Tana da nauyi, gara ba ta cin zuciyarta, kuma turminta kan kai wa jikoki. Aibinta biyu: ta yi ƙaranci a kusa da gari, sai an gangara kudu wajejen Magarya da Matamai, kuma in ta bushe sarai tana dakushe gizago kamar kana saran dutse. Ba banza maƙera ke neman gawayinta ba.

Bayanta sai maɗaci, mai daɗin sara da kyan launi. Danya tana da taushi, ta dace da mai koyo, amma gindinta kan cinye da wuri in gidan masu daka ne kullum. Bedi, wato dogon yaro, shi ya fi samuwa a cikin Zinder don ana yawan rage masa rassa, kuma yana yin turmi na rufin asiri, sai dai warinsa da ɗacinsa na daɗewa kafin su fita. In wannan ne turminka na farko, shawarata ka fara da danya ko bedi. Kada ka ɓata ƙiryar da ta shekara da shekaru tana girma wajen koyon riƙon gizago.

Gungumen da kake nema ya kai tsawon santimita 70, kaurinsa daga gefe zuwa gefe 38 zuwa 40 bayan an cire ɓawo. Ka duba abu huɗu. Cibiyar itacen ta zauna a tsakiya ta kowane kai, don in ta karkace turmin zai murɗe wajen bushewa. Kada a sami ƙulli, wato wurin da reshe ya fito, a inda bakin turmi zai kasance. Ka ƙwanƙwasa da bayan gatari: in ya amsa da ƙarfi lafiya, in ya yi dum kamar ganga to akwai kogo ko ruɓa a ciki. Sannan ka duba ƙasan inda aka ajiye shi, in ka ga garin itace ya zubo daga ƴan ramuka, ƙwaro ya riga ka.

Batun ɗanyantaka kuwa, tsaka-tsaki ake so. Wanda aka sare jiya ruwa ya yi masa yawa, wanda ya shekara a rana ya riga ya tsattsage. Mako uku zuwa shida da sara, yana kwance a inuwa da ɓawonsa, shi ne daidai. In za ka ajiye shi kafin ka fara, shafe kawunan biyu da laka da aka kwaɓa da kashin shanu, don ta kai ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga ke farawa.

Hattara: tsohon turken wayar lantarki da katakon da aka fenta ko aka jiƙa da maganin gara ba su shiga harkar abinci, ko da kyauta aka ba ka.

3. Kayan aiki

Gatari ɗaya. Gizago biyu, mai miƙaƙƙen baki na gyaran baya da mai lanƙwasasshen baki na rarake ciki. Dogon ƙarfe mai baki kamar cokali, mai tsawon kamu ɗaya, na ƙwaƙulo ƙasan rami inda gizago ba ya kai wa, da gudumar itace ta buga shi. Sai zarto, magagari, dutsen washi, ƙusa ɗaya, zare, gawayi, da takardar gogewa mai kaushi da mai laushi.

Gizagon da ƙarfen ramin a wurin maƙeri ake yin su. Ka ce ya ƙera maka da ƙarfen sifirin na mota, shi ke riƙe kaifi. Ka tsaya a sa ƙota a gabanka ka gwada ta a hannu. Ƙotar aduwa ko ta marke ta fi jure duka.

Hattara: da hunturu ƙota kan bushe ta saki ƙarfe. Kafin ka fara aiki kowace safiya, tsoma kan gizagon a ruwa na ɗan lokaci, ka buga shi a ƙasa ka tabbata ya kama. Bakin gizago da ya fice a tsakiyar sara ba ya zaɓen inda zai sauka.

4. Datsa da awo

Ɓare ɓawon. Datse kawunan biyu da zarto har tsawon ya dawo santimita 60, ka tsayar da gungumen a daɓe ka gani ko yana rawa. In yana rawa gyara shi yanzu, don turmin da bai zauna daram ba zai yi ta tafiya a tsakar gida ana binsa da taɓarya. Kan da ya fi kauri da nauyi, wanda ya fi kusa da saiwa, shi ne gindi.

Kafa ƙusa a cibiyar kan sama, ɗaura zare, ɗaura gawayi a ɗaya bakin zaren, ka zana da'ira biyu: ta waje mai faɗin santimita 36, ta ciki 27. Abin da ke tsakaninsu shi ne leɓen turmi. Ya fi yadda zai ƙare kauri, da gangan ne, za a rage bayan ya bushe. Juya gungumen ka zana da'irar santimita 30 a gindi.

Sai ka yanki karan dawa mai tsawon santimita 32. Wannan karan shi ne zurfin ramin, kuma shi ne alƙalinka har ka gama.

5. Rarake ciki

Ciki ake fara yi kafin baya. Gungume mai cikakken nauyinsa ba ya motsi in ana sara, kuma kaurin bayan yana tare bangon kada ya fashe. Masu koyo da yawa sukan fara da baya don su ga siffar turmi ta fito da wuri, daga nan su buga ƙarfe ciki bango ya dare.

Haƙa ɗan rami a ƙasa ka dasa gindin kamar taƙi ɗaya, ka danne da ƙasa. Fara sara daga tsakiya, kana zagayawa, kana barin kamar yatsa ɗaya tsakaninka da layin gawayi. Sara ƙanana, kana karkata bakin gizago zuwa cibiya. Kada ka yi ƙoƙarin ɓanɓaro babban yanki lokaci guda, don itace na tsagewa ne ya bi jijiyarsa, kuma jijiyar ba ta san inda layinka ya tsaya ba.

In ka kai zurfin taƙi ɗaya gizago zai fara bugun leɓe. Nan za ka koma ga dogon ƙarfe da guduma. Bayan kowane zagaye, kwashe sassaƙen ka tara a buhu, za ka neme su a gaba. Gitta sanda a bakin ramin, ka zura karanka. Ranar da kan karan ya yi daidai da sandar, ka tsaya, ko da hannunka na ƙaiƙayin ƙari. Abin da ya rage a ƙasa, kusan santimita 28, shi zai sha dukan shekaru.

Siffar ƙasan ramin ita ce ke raba turmin da mata ke so da wanda ake aro wa maƙwabta. Ta zama kamar cikin ƙwai ta wajen gindinsa mai faɗi. In ƙasan ya yi shimfiɗe kamar faranti, hatsi zai maƙale a gefe, taɓarya na dukan itace a banza. In ya yi tsini da yawa, taɓarya za ta riƙa cijewa, kuma wajen surfe tsabar za ta farfashe maimakon dusa ta fita. Gwajin kawuna shi ne ya zuba hatsi cikin tafi ɗaya a gefen bango. In duk ya gangara ya taru a tsakiya da kansa, ramin ya yi.

Hattara: wasu na zuba garwashi a ramin don wuta ta rage musu aiki. Ni ban yarda da shi ba ga ɗanyen itace. Zafin kan busar da cikin farat ɗaya alhali bayan na jiƙe, sai ka ji ƙas. Kuma idan rana ta yi ka tashi cin abinci, cusa jiƙaƙƙen buhu a ramin ka rufe.

6. Ƙugu da gindi

Tone gungumen ka kwantar da shi, ka tokare da duwatsu ta gefe biyu. Auno santimita 14 daga ƙasa ka zagaya da gawayi, nan ne ƙugu. Shiga da zarto zurfin yatsu biyu a kan layin duk zagaye, don sara ya san inda zai tsaya. Daga nan ka sassaƙo daga sama zuwa ƙugu, sannan daga gindi zuwa ƙugu, kullum gizago na gangarawa wajen siririn wuri. In ka sara kana hawa, itacen zai ɓantare ya ci maka inda ba ka so.

Kada ƙugun ya gaza santimita 22. Siririn ƙugu yana da kyan gani a kasuwa, amma nan turmi ke karyewa in ya faɗi. Ka riƙa sa hannu ɗaya ciki ɗaya waje kana lalube bangon, ya zama yana ƙara kauri in ana gangarawa. Farin itacen da ke bayan zuciya, musamman a ƙirya, ka rage shi iyakar iyawa, shi ƙwaro ke fara ci.

Hattara: ƙafafunka su kasance a bayan gungumen, ba a gefen da gizago ke sauka ba. Tabon da ke ƙwaurina na hagu a wannan matakin na same shi. Yara kuma a kore su, sassaƙen ƙirya na tashi kamar tsakuwa.

7. Shanya

Turmina na farko kwana huɗu na yi a kansa. Da na gama, don murna, na kafa shi a tsakar gida kowa ya gani, a tsakiyar watan Janairu, iskar hunturu na kaɗawa. Kwana biyu aka yi, da asuba muka ji ƙara kamar an karya kara. Ya dare daga leɓe har ƙugu. Kawu ya zo ya duba, ya sa yatsa a tsagar, ya ce, "To, ɗana, ka yi wa kaji wurin shan ruwa." Bai ƙara ko kalma ba.

Ga yadda ake yi. Shafa man kaɗe a leɓe da ƙasan gindi, da kauri, don nan ne kawunan jijiya suke. Mayar da sassaƙen da ka tara cikin ramin har ya cika. Sa turmin a buhun garara, ba na leda ba, don leda na riƙe gumi ta kawo fumfuna. Kai shi ɗakin da rana ba ta shiga kuma iska ba ta ratsawa, ka ɗora a kan duwatsu ko bulo biyu saboda gara.

Duk bayan kwana uku ka buɗe, ka juye sassaƙen su sha iska, ka duba leɓe. In ka ga ƴar tsaga kamar gashi, cike ta da man kaɗe nan take ka ƙara rufi. Bayan mako biyu cire sassaƙen ka bar buhun. Bayan mako huɗu cire buhun. Danya da bedi kan yi mako huɗu zuwa biyar, ƙirya ka ba ta wata biyu. Alamar ya bushe ita ce ya rage nauyi, jikinsa ya daina sanyi a tafin hannu da safe, kuma in ka ƙwanƙwasa ya amsa ƙwal.

Lokaci ma na da nasa. Ƙarshen damina zuwa farkon kaka ya fi, iska na da sauran laima. Hunturu da zafin Afrilu su ne masu fasa turmi, in dole ne a lokacin ka yi, ninka buhun biyu. Wanda kuma aka sa wa ranar biki saura mako biyu ya zo yana neman sabon turmi daga gungume, ka gaya masa ba a fafe gora ranar tafiya, ya tafi kasuwa.

8. Gyara da shafa mai

Za ka tarar bakin ya ɗan karkace, ya bar da'ira. Haka itace ke yi, shi ya sa muka bar ƙari. Sake zana da'ira, ka rage da gizago mai kaifi sosai har leɓen ya dawo santimita 3 da rabi. Bi da magagari, ka kashe kaifin leɓe ciki da waje don kada ya ɓantare in taɓarya ta kuskure. Goge baya da takarda mai kaushi sannan mai laushi. Cikin kuwa kada ka mai da shi sumul kamar tangaran, ɗan kaushin nan na taimakon surfe.

Narka man kaɗe ka shafa a baya da gindi sau biyu, kwana ɗaya tsakani. In kana son ado, zanen wuta da ƙarfe mai zafi a ƙugu ya isa.

Hattara: baƙin man mota, fenti da man sheƙin kafintoci ba su taɓa turmi. Na san ana shafa baƙin mai a wasu na kasuwa don su yi kama da tsohuwar ƙirya. In za ka saya, shinshina.

9. Taɓarya

Ita busasshen itace take so, saɓanin turmi, don ɗanya na lanƙwashewa. Nemi miƙaƙƙen reshen ƙirya, kanya ko aduwa mai kaurin santimita 9 zuwa 10. Tsawon kuwa na mai dakan ne. Da zan yi ta ƙanwata, sai da Inna ta tsayar da ita ta ce, "Auna daga ƙasa zuwa kafaɗarta, kada ka yi mata irin tawa." Yawanci abin kan faɗa tsakanin santimita 120 da 140.

Bar taƙi ɗaya da rabi a kowane kai da kaurinsa, ka sirance tsakiya har yatsun mai riƙo su kusa haɗuwa. Kai ɗaya ya fi faɗi don surfe da kirɓi, ɗayan ya ɗan tsuke don yaji da daddawa. Dukansu a zagaye su su bi siffar ƙasan turmin. Ɗora tsakiyar a kan yatsa, in wani kai ya rinjaya sosai rage shi, in ba haka ba kafaɗa ce za ta biya. Wurin riƙo ka kankare shi da fasasshiyar kwalba har ya yi santsi, sartse ɗaya ya isa ya sa a jingine taɓarya a bayan ɗaki.

10. Dakan farko

Kada a fara da abincin gida. Zuba dusa mai ɗan danshi a daka sosai, a zubar. A maimaita sau uku, na bedi ko maɗaci sau biyar, har dusar ta daina fitowa da launin itace da ɗaci. Wannan dakan ne ke danne cikin ya kwashe ɓurɓushi. A wanke da ruwa kaɗan, a kife a inuwa. Ba a jiƙa turmi a bar ruwa ya kwana a ciki, ba a kuma barinsa a rana bayan wanki.

11. Lissafin kuɗi

Farashin gungume na bin irin itacen, nisan inda aka ɗauko shi da lokacin shekara, kuma yana tashi bayan kaka da bukukuwa suka yawaita. Ga yadda nake lissafi, da misali kawai. A ce gungume ya ci jika 6, amalanke jika 1, reshen taɓarya jika 1, man kaɗe da takardar gogewa jika 1 da rabi, washi wurin maƙeri dala ɗari, wato rabin jika. Ka ga jika 10 ke nan, ban da kuɗin takardar izini in kai ka saro, ban da kwana uku ko huɗu na aikinka. Kayan aiki kuɗinsu daban, amma sau ɗaya ake saye.

Kafin ka kashe ko dala, shiga Kasuwar Dole ta Zinder ranar Alhamis ka taya turmi uku masu girman naka. Sau da yawa za ka tarar na farkonka bai fi na kasuwa araha ba. Riba na farawa ne daga na uku ko na huɗu, lokacin da hannu ya faɗa kuma ka san inda ake samun gungume ba ta hannun dillali ba.

12. In ya tsage duk da haka

Ƙaramar tsaga a leɓe ba ta kashe turmi. Kai wa maƙeri ya zagaya masa zoben ƙarfe a ƙasan leɓe, ko ka naɗa ɗanyar fatar shanu ka ɗinke, in ta bushe za ta matse shi tam. Abin da ban so shi ne facin gwangwani da ƙusoshi ta ciki, don ƙusa na fita ta bi gari, tsatsa kuma na taruwa a ƙarƙashi. In tsagar ta wuce ƙugu ko gindi ya huje, kada ka wahalar da maƙeri. Kife shi a zaure ya zama wurin zama, ka koma mataki na 2.